Bajimai Biyu a Ajin Kemistiri

Har gobe ina tuna ranar da sufeton makarantu ya shigo mini aji ba sallama. Lokacin ruwan dam ɗin Goronyo bai daɗe da fara isa gonaki ba, ni kuma ina sabon malamin kemistiri a wata sakandare kusa da Wurno. Ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna. A ƙa'ida sai ka shekara biyu, sufeto ya duba koyarwarka ya sa hannu. In ya ƙi, kana nan a ɗan gwaji.

Darasin ranar shi ne yadda atam biyu ke tarayya a ilektaron su manne. Sati guda ina fama da Turanci, yara na haddacewa suna zuba mini ido. Sai na ajiye littafi na koma Hausa. Na ce, a ƙauyen Kwargaba mai bajimi ɗaya ba ya huɗa, garma sai da biyu. Sai ya nemi maƙwabci mai ɗaya su haɗa. Ka tambayi kowannensu, zai ce yana da shanun huɗa biyu, kuma bai yi ƙarya ba. Ba kuma mai iya yin nisa da ɗan'uwansa. Haidirojin ke nan: kowane atam ilektaron ɗaya gare shi, biyu yake nema, sai su haɗa, biyun na kowa.

Ina cikin zana garma a allo na ji muryar sufeto daga ƙofa: "Malam, mi kake yi haka? Aji na ko gona?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, kemistiri nike koyarwa."

"Da Hausa? Wa ya ba ka izini?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na miƙa masa alli na ce ya tambayi yaran abin da ya ga dama. Ya dube su ya ce, to, ruwa fa? Mi ya sa haidirojin biyu, oksijin ɗaya?

Hajara ta miƙe, 'yar makiyaya ce da ban taɓa jin muryarta a aji ba. Ta ce, "Oksijin ilektaron biyu suka rage mai. Shi ya sa shike haɗa bajimi da maƙwabci na dama, shi haɗa da na hagu." Ta zo allo ta zana ɗigo-ɗigon ilektaron daidai, ko ɗaya ba ta ɓata ba.

Sufeto ya tsaya yana kallon allo. Na zaci magana ta ƙare. Ina! Bayan kwana uku takardar tuhuma ta iso, wai na karya dokar harshen koyarwa. Shugaban makaranta, dattijo mai son zaman lafiya, ya ja ni gefe: "Ɗana, rubuta ka ba da haƙuri, ka ce ba ka ƙarawa. Sai sufeto shi sa hannu."

Na ce, "Baba, ba ni rubuta ƙarya. Gobe ma da bajimai zan shiga."

Abin da na rubuta layi ɗaya ne: yara sun gane, kuma don haka aka ɗauke ni. Sai da na ƙara shekara cur a ɗan gwaji. Abokan shigata aiki suka wuce ni, kuma ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Ku da kuka shigo aikin koyarwa yanzu, za ku haɗu da masu zuwa duba harshen da kuka yi magana da shi, ba abin da ya shiga kan yaro ba. Ku gaishe su da ladabi, ku ba su kujera. Amma kada ku bar yara arba'in a duhu saboda sa hannun mutum ɗaya.