Ranar da Aka Fitar da Firijin Baba

Shekara tara firijin babanmu ya yi ba ya aiki, amma yana nan tsaye a ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin a gidanmu na Kafanchan. Tun Baba yana aikin jirgin ƙasa ya saye shi, ƙato mai ƙofa biyu, ya fi ni tsayi. Bayan rasuwarsa injin ya ƙone. Mai gyara ya zo ya duba, ya girgiza kai ya ce sai haƙuri. Daga baya aka jingine tsohon gadon ƙarfe a gefensa, da keken ɗinki mai karyayyar ƙafa. Ɗakin ya zama ba mai shiga sai da dalili.

Ni ce auta, ni ce kuma nake zaune da Mama, ina koyarwa a firamare. Duk damina sai tsatsa ta zubo daga ƙarƙashin firijin ta ɓata siminti, in goge in yi shiru. Ban taɓa iya cewa a fitar da shi ba. A ganina kayan mijinta ne, taɓa shi fama mata ciwo ne.

Wata Asabar na shiga ɗaukar tsintsiya, sai ga saɓar maciji a bayansa, doguwa, ko bushewa ba ta gama yi ba. Ga jikokin Mama za su zo hutu a makon. Mama ta tafi taron zumuntar mata a coci, ni kuwa ban jira ta ba. Na fita bakin titi na tare 'yan gwangwan, masu bin unguwa da kura suna kwashe tsoffin ƙarafa. Na samu wani dattijo da abokin aikinsa, na kawo su gida.

Dattijon ya zagaya ɗakin da sanda, ya bubbuga ko'ina, ba maciji. Ya dubi firijin, ya dubi ƙofa.

"Malama, wannan ta ina ya shiga?"

Sai a lokacin na tuna an sake ƙofar ɗakin bayan an saka shi. Dole suka kwance ƙyauren, suka cire ƙofofin firijin, suka kwantar da shi suna ja suna nishi. Ya fito rabi ya maƙale. A haka Mama ta shigo, da littafin waƙoƙinta a hannu.

Na fara kame-kame, ina maganar maciji, ina maganar yara. Ta yi tsaye tana kallo. Can ta ajiye littafin a kan turmi.

"Ku karkata shi ta hagu, Malam. Ta nan akwai wuri."

Suka karkata, ya fita.

"Mama, ba ki ji haushi ba?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Haushin me? Ni fa don ke na bar shi. Kullum ina ganin ki durƙushe kina goge ƙarƙashinsa, na ce yarinyar nan tana tuna babanta ne. Abin nan ko lokacin da yake aiki bai taɓa barin mutum ya yi barci ba saboda ƙara."

Na zauna a bakin baranda, ina dariya hawaye na zuba. Dattijon dai ya ci gaba da ɗaure kaya. Mama da kanta ta nuna masa gadon da keken, har ta shiga kicin ta ƙaro masa da wani risho da tukunya mai huji. Suka mayar mana da ƙyauren yadda yake, suka sha ruwa, suka tura kura da ƙyar.

Da muka share ɗakin muka ga ashe akwai taga a bangon baya da firijin ya tare, na ma manta da ita. Mama ta doke sakatar da taɓarya har ta buɗe. Iska ta shigo, ga dutsen Kagoro can nesa, hadari na haɗuwa a kansa. Ta ce in ɗauko mata kujera, a nan za ta tsince shinkafar dare.