Baba Ɗantsoho da Jigon da Na Ƙi Cirewa

Ranar Litinin, sha biyu ga watan Zulƙida na shekara ta 1344, da hantsi, ina zaune a rumfata ta rubuta wasiƙu a bakin kasuwar Tudun Wada, sai Labaran mai albasa ya tsaya a kaina ko sallama babu. Ya ce, "Malam Mika'ilu, Baba Ɗantsoho ya cika." Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Alƙalami ya suɓuce mini ya ɓata takardar wani bawan Allah, ban ko ba shi haƙuri ba.

Baba, shekara tara ke nan ina rubuta wa mutane ta'aziyya, su faɗa in rubuta. Yau tawa ce, kuma akwai laifina a cikinta, don haka zan faɗe shi da bakina kafin wani ya faɗa.

Wanda bai san ka ba, ga ko wane ne kai. Mu masu lambu a bakin Kubanni aikinmu na rani ne. In kogi ya ja baya mu kafa jigo, mu riƙa ɗebo ruwa da guga muna ba albasa da tumatir da latas ɗin da kukun Turawa ke zuwa saye. Damina na kawo kai kogi ya karɓe wurinsa, dole a kwashe komai. To, a kai ina? Yawancinmu baƙi ne a unguwar nan, ɗaki ɗaya gare mu, ba inda mutum zai kwantar da doguwar sandar jigo. Kai ka ba da zaurenka tun farkon kafa Tudun Wada, ba wanda ya roƙe ka.

Ajiyarka kuwa ba jibgewa ba ce. Ba ka yarda ko tsinke ya taɓa ƙasa, saboda gara. Sandunan jigo ka ɗaure su da igiyar rama a jikin azara. Fartanya da garma ka kankare musu laka, ka shafe ƙarfen da man kaɗanya don kada ya yi tsatsa. Guga na fata a wanke, ya bushe a inuwa, a rataye shi baki ƙasa. Zanar rumfa da gadon kara da muke hutawa a kai, ka ɗora su bisa duwatsu, ka barbaɗa toka kewaye. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ka bi su ɗaya ɗaya kana ƙwanƙwasawa da yatsa, kunnenka a jikin itace. Wata biyar kana wannan, ba ka karɓar ko anini. Labaran ya taɓa kawo maka kwandon albasa cike, ka ɗauki guda uku ka ce miyar yau ta samu.

Ba ka sa wa kayan kowa alama, amma ba ka taɓa ba wani na wani ba. Ina nan a wurin shekarar da Muntaka da Nagoda suka kusa dambe kan wata fartanya, kowa na rantsuwa tasa ce. Ka ce kowa ya riƙe ta ya yi sara ɗaya. Da suka yi, ka nuna musu inda ƙota ta suɗe, ka ce, "Wannan hannun bahago ne ya cinye ta." Muntaka ne bahago. Nagoda ya sunkuyar da kai, kai kuma ka shiga lungu ka fito masa da tasa.

Ni ne ka fi sha wa wahala. Ban gaji lambu ba, saye na yi, ga taurin kai. Ina da wata kujerar zane mai naɗewa da wani Baturen reluwe ya bar mini da zai tafi gida, nakan kafa ta a bakin lambu in harɗe. In ka hango ni sai ka ce, "A'a, Joji ya fito rangadi!" Jama'a su yi ta dariya. Duk da haka kowace damina kai kake zare zanen ka wanke, ka naɗe shi daban, ka rataye itacen daban.

Ƙa'idarka guda ce, kowa ya san ta: an yi ruwa na biyu, a cire jigo. Bana kowa ya cire, ni na ƙi, don latas ɗina saura yanka ɗaya. Ka tako har lambuna da sandarka.

Ka ce, "Malam, an yi ruwa biyu fa."

Na ce, "Haba Baba, dubi sama tas take. Kwana uku kawai."

Ka ce, "Ba samanmu za ka duba ba. Ruwan da ke cika Kubanni can wajen Shika yake sauka."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi maka. Washegari na kama hanyar Dutsen Abba zuwa sunan ɗan ƙanwata, na bar jigo a kafe, guga a rataye, kujera a buɗe.

Ranar Asabar bayan azahar kogi ya taso. Labaran ya ga abin da ya faru, shi ya ba ni labari. Ya ce ka tuɓe riga ka shiga, ruwa har ƙirji, kai da ka haura saba'in. Ka kwance jigon ka jawo shi gaɓa. Ka koma ka ɗauko guga da fartanya. Kujerar ruwa ya riga ya ja ta, ta maƙale a saiwar wata bishiya, Labaran na ihu, "Baba, ƙyale ta, itace ne kawai!" Ka ce masa, "Ko bai kawo ba, ajiyata ce." Ka shiga karo na uku. Sannan ka saɓa sandar jigo zuwa gida, ga ruwan sama na dukanka. Kafin magariba zazzaɓi ya rufe ka, daga nan sai ciwon haƙarƙari.

Na dawo ran Lahadi na ji duka. Ga abin da ya fi ci mini rai: ban je ba. Kunya ta hana ni. Sau biyu ina zuwa har ƙofar gidanka in juya. Na riƙa ce wa kaina bari ya ji sauƙi, in je ya yi mini faɗa yana tsaye. Kwana tara kana kwance, tsakanin rumfata da gidanka bai kai tafiyar da za a gaji ba, ban taka na ce ka yafe mini ba. Kaico, Mika'ilu!

Bayan sadakar uku, da jama'a suka watse, na shiga zauren na yi sallama da matarka, Inna Kulu. Tana takaba, sai ta tsaya bayan ƙyaure. Na durƙusa na zayyana mata komai, har dariyar da na yi maka ban ɓoye ba. Na ce ta yafe mini, ta kuma gaya mini ko ka tafi da fushina.

Can ta ce, "Ya bar maka saƙo. Ya ce ƙafar kujerar nan ta baya ta tsage a ruwa, kada ka zauna a kai sai an gyara, za ta kayar da kai."

Na ce, "Shi ke nan, Inna?"

Ta ce, "Shi ke nan. Shi bai riƙe ka ba, Malam. Ni ce dai ban iya ba tukuna. Kullum in ya ji motsi a zaure sai ya ce a duba ko kai ne."

Ban san yadda na fito daga gidan ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Ɗantsoho. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ya tsare amanar talakawa shekara da shekaru ba don a biya shi ba, ka biya shi da Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa mata, Saratu da Atika, da jikokinsa, da duk masu lambun bakin Kubanni, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen.

Ke kuma Inna Kulu, Allah ya sanyaya zuciyarki, ya sa ki gama takaba lafiya. Kin faɗa mini gaskiya, na gode. Ba zan sake matsa miki da roƙo ba. Ina nan ina jira, ko shekara nawa za ta ɗauka.