Kofin Farko Kawai Muka Sha

Da safen nan ina ɗumama mota zan fita aiki waya ta shigo. Baba Ilu ya rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Rasuwar ma ba ita ta tsaya mini a wuya ba. An riga an binne shi tun jiya, can bakin teku, kuma mu da muke Greensboro, nan Amurka, ba wanda aka faɗa wa.

Duk wanda ya zauna East Greensboro ya san Baba Ilu, dattijon Damagaram mai fada a bayan gidajenmu na haya. Fada, haka 'yan Nijar ke ce wa majalisa. Tabarma ce da kujerun roba da ɗan murhun gawayi da butar shayi, shi ke nan. Amma direban tasi da ɗan masana'anta da ɗalibi, duk can muke sauke gajiya.

Na zo daga Katsina cikin sanyi da 'yar riga mai shara-shara. Ranar da ya fara ganina ya cire jaket ɗinsa ya ɗora mini, ko sunana bai tambaya ba.

Doka ɗaya gare shi: shayi zagaye uku ne, na farko mai ɗaci, na biyu dama-dama, na uku mai zaƙi, kuma ba a tashi sai an sha na uku. In ka fara duba agogo sai ya ɗauke makullin motarka ya zauna a kai.

"Bon, fasinja ba ya ƙarewa," in ji shi, da ɗan Faransancinsa na 'yan Nijar. "Zauna."

Bara ɗansa Nasiru ya sami babban aiki, ya sayi gida a wata unguwa gaba da Wilmington, dab da ruwa. Ya ce iskar teku za ta yi wa ƙirjin tsoho amfani. Baba bai so ba, kowa ya san bai so ba. Amma da muka ga hoton gidan sai muka hau sam barka, har da masu cewa Baba ya huta.

Huta!

Da bazarar nan na je duba shi. Unguwa ce tsaf-tsaf, gidaje a kan dogayen ƙafafun katako, ga ciyawa an aske. Babu masallaci kusa, babu mai tafiya a ƙasa sai masu gudu da karnuka. Ga iska ba dare ba rana. Ta cika masa tabarmar salla da yashi, gishirin ruwa ya cinye murhunsa da tsatsa. Ya ce hulunansa biyu sun tafi teku, shi ya sa na same shi ya ɗaure kai da ƙyalle.

Abin da ya karya mini zuciya kujeru ne. Kullum da yamma sai ya jera su a ƙofar gida suna kallon titi, ko wani zai zo wucewa ya zauna. Iska ta kifar da su, ya tashi ya gyara. Ya taɓa kai wa maƙwabcinsa shayi a faranti. Mutumin ya yi godiya ta ƙofar da bai gama buɗewa ba, daga baya kuma aka aiko wa Nasiru cewa dokar unguwa ta hana wutar gawayi a baranda.

Ranar da na je Nasiru yana wurin aiki, sai Baba ya ce yau dai sai mun karya doka. Muka ɓuya ƙarƙashin matakala, ni na baje babbar riga ina tare iska, shi yana fifita. Da ƙyar na farko ya dahu. Muna cikin sha iska ta zo ta watsar da garwashin, ta tura butar cikin yashi.

Ya daɗe yana kallon butar.

"Sauran biyun sai na dawo gida," ya ce. Greensboro yake nufi, ba Damagaram ba.

Da zan shiga mota ya riƙe mini hannu. "Kabiru, in ta Allah ta kasance, ku zo ku ɗauke ni. 'Yan fada su yi mini wanka. Kar a bar ni cikin iskar nan."

Na kira Nasiru a daren na faɗa masa. Ya ce in kwantar da hankalina, ya ji.

Yau da ya kira, na tambaye shi me ya hana shi sanar da mu. Ya amsa da Turancinsa: "Uncle, it was easier." Wai ya fi sauƙi. Ya ce addini ma ya ce a gaggauta. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma tafiyar ba ta kai yini ba, Nasiru. Da ka buga waya ɗaya, da tasi-tasin Greensboro sun cika maka titi kafin azahar, ko da man fetur ya ninka tsadar da yake yi yanzu. Mutumin da ya shayar da gari guda, sahun sallar jana'izarsa ko ɗaya bai cika ba.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Yaron nan a hannunmu ya girma, a kan tabarmar nan ya yi aikin makaranta. Ban ce ba ya son ubansa ba. Ya saya masa gado mai tsada da babbar talabijin. Abin da tsohon ya roƙa ne kawai bai samu ba.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu taru a wurin fada, mu yi masa addu'a. Ni zan hura wutar. Na farko kaɗai zan dafa, kowa ya sha da ɗacinsa ya tashi. Kar wanda ya tambaye ni na uku.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba Ilu, Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa. Ka zame masa abokin zama inda aka bar shi shi kaɗai, Ka haɗa shi da jama'ar da ta fi tamu. Ka sanyaya mini zuciya a kan Nasiru, don ni na kasa.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka taɓa shan shayinsa ko ba ka taɓa ba, don Allah ka tsaya ka yi masa Fatiha. Jiya ba mu samu tsayawa a kansa ba.