Toka ta koma kamun kusu

Kun taɓa ganin mutum ya bi layin likitan dabbobi da kyanwa cikin kwali?

Ni ne. Shi ya sa kunka ji ni shiru tun damina.

Bara na zo Dakoro daga Azagor. Kawuna Ila ya sa ni gadin magaza, ɗakin ajiyar hatsinshi. Nan na iske Toka, kyanwar da ke kama kusu. Ni awaki na sani, ban taɓa riƙon kyanwa ba.

Da farko ta bar cin abinci. Sai miyau yana zuba, bakin yana wari. Gashin bayanta ya fara zubewa. Tana da ciki, cikin ya zube.

Na jiƙa mata kanwa yadda muke ma akuya. Ta shinshina ta ba ni baya.

Kusu ya samu gari. Kawu ya ɗaga buhu, hatsi na tsiyaya ta ƙasa. Ya ce: "Ɗana, in sabon hatsi ya shigo ba ta tashi ba, ka sa ta buhu ka aje ta hanyar Tagriss. Mu samo wata."

Na ce to.

Ran kasuwa na kai ta wurin da ake ma shanu allura. Wani dattijo mai bijimi ya leƙa kwalin ya ce: "Samari, wannan saniyar taka kwarya nawa take bayarwa?" Aka yi dariya. Na tsaya dai.

Likita ya buɗe bakinta, duk gyambo. Ya iske tabon cizo a wuya. Ya ɗebi jini ya aika Maradi, don nan babu abin awon. Kuɗin motar jinin ya fi na magani.

Da sakamako ya zo ya ce ƙwayar cuta ce, wajen faɗa da mazuru ta ɗauka. Wai jini yana da sojoji masu tare ciwo, ita cutar su take kashewa, sai ƙaramin gyambo ya ƙi warkewa. Wai kuma akwai wasu sinadarai cikin jiki masu riƙe ciki da tsara cin abinci, su ma ta dagula su.

Ban gane duka ba. Na ce: "Likita, tana kama mutum?" Ya ce a'a. Na ce: "Tana warkewa?" Ya ce: "Cutar ba ta fita. Bakin dai muna iya gyarawa, sai ta ci ta yi ƙarfi."

Allura, da maganin ɗigawa a baki safe da marece. Ta yakushe ni har hannu ya kumbura. Ina dama mata garin kifi da ruwan ɗumi, tana lasa kaɗan kaɗan.

Aka fara yankan hatsi. Kawu ya kawo buhun ya rataye a ƙofa.

Na gode ma likita, da Inna Hajo mai kifi da ke aje min ɓurɓushin kifi.

Shawarata: in kyanwarku ta bar ci, ku duba bakinta. Kar ku ba ta maganin mutane ko na awaki. Ku hana ta yawon faɗa, kuma kar ku haɗa ta da wata kyanwa sai likita ya gani.

Yau da safe na iske kusu matacce bisa tabarmata, Toka zaune tana lasar ƙafa.

Bari in tafi. Amalanken hatsi ya iso, kuma ina so Kawu ya ga kusun kafin ta cinye shi.