Shanu Nawa Kake Kula da Su?

A gidanmu ba a faɗin yawan shanu. Baffa, mahaifinmu, ya san kowace saniya da uwar da ta haife ta, amma in ka tambaye shi nawa ne, sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya kawo zancen damina. Tun muna yara aka ce mana faɗin adadin garke yana jawo bakin mutane, kuma aikin marar kunya ne.

Ƙanena ya karanta kiwon lafiyar dabbobi, ya gama, ya koma rugarmu ta wajen Jahun yana yi wa shanunmu da na dangi allura, babu albashi. Shekaru suka ja, abin yana ci mini rai. Ni na matsa masa ya nemi aiki a wata gonar madara a ƙasar waje. Tsarin ba ɓoyayye ba ne: gonar ce ke da izinin gwamnatinsu na kawo baƙon ma'aikaci. In ta gamsu da ƙwarewarka, sai ta ba ka shaidar ta tsaya maka, da ita kake neman biza. In ba ta tsaya maka ba, babu abin da zai kai ka ofishin jakadanci. Takardunsa suka samu shiga, saura ganawa ta bidiyo.

A gidana na unguwar Limawa a Dutse aka yi, don a ruga sai an hau tudu ake samun sabis. Aka yi kiciɓis Baffa ya zo Dutse ganin likitan ido. Da ya ji abin da za a yi, ya ja darduma ya zauna a gefen falo da carbinsa. Wa zai ce masa ya tashi?

Manajar gonar wata mata ce mai fara'a. Ta tambayi ƙanena ciwon hantsar shanu da yadda ake taimakon saniya in haihuwa ta zo da gardama, ya amsa tiryan-tiryan da Turancinsa. Har na fara murna. Sai ta ce, shanu nawa yake kula da su?

Ya sunkuyar da kai ya ce, "'Yan kaɗan ne."

Ta yi masa bayani a tsanake: kafin su tsaya wa mutum, dole su nuna wa hukuma ya saba da babban garke, don haka adadi take so. Ya ce daidai gwargwado dai. Ina tsaye a bayan kwamfutar ina zare masa ido, ina buɗe hannuwa kamar mai korar kaji. Ko kallona bai yi ba. Shanun da ke hannunsa kuwa, in sun taso mashaya, mai babur sai ya kashe inji ya jira.

Da aka gama na ja ƙanena kicin, raina a ɓace. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Baffa ko Turanci ba ya ji!"

Ya ce, "Amma yana zaune, Adda."

Bayan 'yan makonni saƙo ya zo. Sun gode, sun ɗauki wanda ya fi shi sabawa da garke mai yawa. Na yi kuka, na takaici.

Ƙarshen wata na je ruga. Baffa na zaune a inuwa, an cire masa bandejin ido, ƙanena na can nesa yana ɗaure maruƙa. Bayan gaisuwa Baffa ya ce, "Ina labarin tafiyar ɗan'uwanki? Shi bai ce mini komai ba."

Ban ɓoye ba. Na faɗa masa tambayar da aka yi, da amsar da aka bayar, da dalili. Ya daɗe yana kallon inda yaron yake, carbin ya tsaya a hannunsa.

Can ya ce, "Da kun ce in fita, ai da na fita."