Ɗakin da Ko Sauro Ba Ya Shiga

Ma'aji muke ce wa ƙanina tun yana firamare. In ka ba shi alawa sai ya gutsuri rabi, ya naɗe rabi don gobe. Sabulu in ya siɗe ya zama kamar farce, sai ya manna shi a jikin sabo. Mama takan ce hannun jarirai gare shi, amma ni na san ba rowa ba ce. A gabansa aka riƙa fitar da kayan ɗakinmu ana sayarwa bayan rasuwar Baba, har ya rage sai keken ɗinkin Mama.

Da ya samu jami'a a babban birni, Mama ta ce keken ma za ta sayar. Ya rantse ba za a taɓa shi ba. Ni ina birnin, ina yi wa wasu masu hali girki, amma matar gidan ko baƙon yini ba ta yarda da shi, balle na kwana. Garin kuwa, kai! Ruwan sha ma sai ka saya.

Ma'aji ya ɗaura ɗamara. Makaranta a ƙafa, littafi na aro, burodi na jiya don ya fi araha. Bai taɓa kirana a waya ba, sai dai ya yi mini filashin in kira shi. Amma kafin ta gama ƙara ɗaya ya ɗauka.

"Yaya, ai ɗaukar waya kyauta ce," in ji shi.

A shekararsa ta ƙarshe ya samu ɗakin. Tsohon sito ne a bayan wani kanti mai sayar da kayan sanyi. Mai kantin ya ba shi kusan a kyauta, da sharaɗin duk lokacin da aka ɗauke wuta zai tayar da janareto don kada kayan firji su lalace. Janareton yana lungu, daidai gindin tagarsa, ita kuma ya toshe ta da kwali saboda ƙara.

Ranar da na je gani, ina shiga idona ya fara yaji.

"Kai, wannan warin fa?"

"Za ki saba. Yaya, dubi, ko sauro babu! Ɓera ma ba ya shigowa, kyankyaso ko ɗaya. Na huta da sayen magani."

Yana ta dariya. Na ce, "Ɗakin da ɓera ya guda, kai ɗan mutum za ka kwanta a ciki? Ka fi ɓera wayo ne?"

Daga nan ciwon kai ya sa shi gaba. In na kira shi da rana tsaka sai in ji muryarsa kamar ta wanda aka tasa daga barci. Ya ce karatu ne. Na ba shi abin da na tara ya nemi wani ɗaki, ya karɓa ya yi godiya, ya adana, ɗan banza! Na tafi wajen mai kanti na zazzage masa abin da ke cikina. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Baiwar Allah, in bai yi masa ba ya fita. Masu so suna nan."

Ma'aji ya biyo ni yana ba ni haƙuri. "Yaya, don Allah kada ki ja a kore ni. Zuwa bayan jarrabawa kawai."

Ana gobe jarrabawar ƙarshe aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, wuta kuwa tun safe babu. Da azahar na kira shi in yi masa addu'a. Wayar ta yi ƙara har ta tsinke. Na sake kira. Na sake. Na bar tukunya a kan wuta, na yi shatar tasi, abin da da ya ji sai ya yi mini faɗa.

Saboda ruwan, an jawo janareton cikin soro, an ajiye shi a bakin ƙofar Ma'aji, yana ta aiki, hayaƙinsa na shiga ɗakin. Takalmansa na nan a jere. Ƙofa a kulle ta ciki. Ban san lokacin da na fara kururuwa ba, sai da masu gyaran taya na maƙwabta suka zo suka ɓalle ta. Yana kife a kan littafi, wayar na gefen kunnensa.

Ya rayu, alhamdulillahi. Amma duk abin da ya ƙi ci ya tara, asibiti ta cinye, ta haɗa da keken Mama. Yanzu yana gida. Magana sai a hankali, in ka aike shi kafin ya kai ƙofa ya manta. Likita ya ce a yi haƙuri a gani. In ka ba shi alawa, har yau rabi yake ci.

Da na koma kwashe kayansa, na tarar an gyara ƙofar. Wata ɗaliba na tsaye da katifa a naɗe, siririya, jakarta duk faci.

"Anti, ke ce mai kayan? Ni aka ba ɗakin. An ce ko sauro babu."

Na riƙe hannunta na gaya mata komai, ina kuka. Na nuna mata janareton, na nuna mata sabuwar sakatar. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba. Ta kalli ruwan da ke zuba a titi, sannan ta sunkuya ta ɗauki katifarta.

"Na gode, Anti," ta ce. "Zuwa bayan jarrabawa kawai."