Tsakanin Ɗage da Ɗaga

A shekarar da na kammala jami'a, Baba ya sa aka rubuta gidanmu cikin masu yin godiya a majami'armu da ke Sabon Gari. Al'adar ita ce, ranar Lahadi a kira iyali, su taka da rawa, ɗauke da abin da suka kawo, har gaban bagade. Saura mako biyu, ciwon cikin da ya daɗe yana ɓoye mana ya kayar da shi. Ya yi kwana shida a asibiti a Shika, aka ɗebi tsoka daga cikinsa domin bincike, aka ce mu koma ranar Litinin mu ji sakamako. Litinin ɗin kuwa ita ce washegarin godiyar.

A ganina, rawa ba ta dace da gidan da ke jiran irin wannan labari ba. Na faɗa wa Mama, ta ci gaba da gugar zanenta. Ban faɗa wa Baba ba, domin na san amsarsa. Tsohon malamin makaranta ne, ya kuma sha gaya mana cewa ranar daɗi kyauta ce daga hannun Allah, wanda ya ƙi karɓarta saboda fargabar gobe bai fi kowa ibada ba. Ni na ɗauki wannan a matsayin maganar masu lafiya.

Da safiyar Lahadi, a ɗakina a Samaru, na rubuta wa sakataren ikilisiya takarda. Hausa na karanta a jami'a, ina kuma taƙama da ita. Sau uku na sake jimlar kafin na gamsu: "Iyalinmu sun ɗage godiyarsu." Maƙwabcinmu ya ɗauke mu a motarsa, doya da kaji biyu suna but, ni kuwa na ƙudurta can za su zauna. Duk ramin da muka faɗa a hanyar Palladan, sai Baba ya runtse ido ya dafe ciki, ni kuma in ƙara gamsuwa da abin da na yi.

Sakataren mutumin kudu ne, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya koyi Hausa a kasuwa da kuma bakin mawaƙa. Muna isa na miƙa masa takardar. Da lokacin sanarwa ya yi, ya buɗe ta, ya karanta da ƙarfi cewa iyalinmu sun ɗaga godiyarsu. Ya ƙara da nasa, wai ko da yake mahaifinmu bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ga shi sun ɗaga ta sama. Kafin ya rufe baki, matan zumuntar majami'a sun buga tulun kiɗansu.

Na yunƙura zan miƙe in gyara. Baba ya riƙe wuyan hannuna.

"Me ka rubuta?"

"Ɗage, Baba. Na ce a jinkirta, sai mun ji sakamako."

Ya dube ni, ya dubi Mama, wadda ta sunkuyar da kai. Kiɗa yana tafiya, jama'a duk sun juyo suna jiranmu.

"Shi ya karanta daidai," in ji shi. "Kama ni in tashi."

Na ce masa kayan godiyar suna cikin mota. Ya ce a bar su tukuna, yau kansa zai kai.

Daga bencinmu zuwa bagade babu nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Nauyinsa duka yana kafaɗata, ina jin ƙasusuwan haƙarƙarinsa ta cikin babbar riga. A tsakiyar hanya ya tsaya, gumi yana sauka daga ƙarƙashin hularsa, gwiwarsa ta lanƙwashe. Na tabbata faɗuwa zai yi a gaban mutane. Sai babbar mai tulun ta rage saurin kiɗa, sauran suka bi ta, har ya zo daidai da numfashinsa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya sauke, ya kaɗa kafaɗa. Mama ta rangaɗa guɗa.

Wata tsohuwa daga gefe ta zungure ni. "Mai digiri, ƙafar taka ba ta shiga aji ba ne?" Baba ya yi dariya har da tari. Dole na taka, ba bisa ƙa'ida ba, har muka isa.

Sakamakon Litinin ya zo da abin da muke tsoro. Baba ya ƙara wata biyar tare da mu, kuma duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji labarin rawar, musamman tawa.

Bayan jana'iza, sakataren ya kawo mini takardar. Wani ya nuna masa kuskurensa, ya zo neman gafara. Na duba rubutuna, wasalin yana nan a fili, babu ja a kansa. Na ninke takardar, na gaya masa abin da Baba ya ce a ranar: shi ya karanta daidai.